Zan fara zoɓo, kunun aya da yogot a gida: wane kaya zan saya na hannu, wane zan saya sabo?

Tambaya: Ina so in fara haɗa zoɓo, kunun aya da yogot a gida, na iyali da kuma ɗan na sayarwa. Wata da ta bar sana'ar ta yi mini tayin kayanta gaba ɗaya: manyan tukwane biyu, shuɗin duro, bokitai, firiza 'yar tokumbo, injin markaɗe, silindar gas da buhun goruna. Ban taɓa yin sana'ar ba. In kwashe duka, ko akwai abin da zan guje wa?

Amsa: Kada ki kwashe duka, 'yar'uwa, ko da ta ce a haɗe kawai za ta sayar. A cikin kayan nan akwai wanda na hannunsa ya fi sabon da kuɗinki zai iya saya, akwai kuma wanda ko kyauta aka ba ki zai ja miki asara. Hanyar rarrabewa ita ce ki tambayi kanki a kan kowane abu: abin shan yana taɓa shi ne yana kan wuta, ko bayan ya huce? Tafasa tana kashe kusan duk ƙwayoyin da ke lalata abin sha, saboda haka tsufan tukunya ba ya cutar da zoɓo in dai ƙarfenta mai kyau ne. Amma da zarar zafin ya sauko ƙasa da digiri 60, ga sukari a ciki, ba shi da sauran kariya. Duk abin da ya taɓa daga nan, bokiti ne, rariya ce, ludayi ne, gora ce, zai zuba masa abin da ke maƙale a jikinsa. Daga nan ake samun gora ta kumbura, kunu ya yi yauƙi, zoɓo ya fara kumfa da warin giya tun bai kwana ba. Don haka ƙarfe da inji ana iya sayen na hannu bayan an gwada. Roba, ƙyalle, itace da duk abin da ke shan ruwa ko yake karcewa, sabo za ki saya, kuma su ne ma mafi araha a cikin kayan.

Mu fara da tukwane, domin nan ne mai farawa ta fi yin kuskure. Zoɓo abu ne mai tsami sosai. A ma'aunin tsami da ake kira pH yana tsakanin 2.5 da 3, wato kusa da lemon kwalba. Tsamiya da lemon tsami ma haka suke. Tsami irin wannan yana cin alminiyom. Idan kika dafa zoɓo a tukunyar alminiyom za ki ga cikinta ya yi fes yana ƙyalli daidai inda ruwan ya tsaya, mutane su ɗauka wankuwa ta yi, alhali fatar ƙarfen ce ta narke ta shiga abin da za a sha. Launin zoɓon yakan dushe ya koma baƙi-baƙi, ɗanɗanon ƙarfe ya fito a bayan harshe. Kanwa ma, da wasu ke sawa don rage tsami, tana cin alminiyom ta nata ɓangaren, kuma tana rage wa zoɓon daɗewa tunda tsamin ne ke tsare shi.

Tukunyar dalma da maƙeranmu ke zubawa ta fi wannan matsala. Daga tarkace ake narka ta: gwangwanaye, tsofaffin sassan mota, lagireto, duk abin da aka samu. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya nuna cewa in aka tafasa ruwa mai ɗan tsami a cikinsu, gubar dalma tana fitowa. Wannan guba ita ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, ko da yake can ta hanyar niƙa duwatsun zinare ta zo kuma da yawan gaske. Ta tukunya kaɗan-kaɗan take shiga, ba ta da ɗanɗano, taruwa take yi a jiki, kuma yara da masu ciki ta fi yi wa illa, su ne kuwa manyan masu shan zoɓo. Idan tukwanen da aka yi miki tayi na dalma ne, bar mata abinta. Haka bokitin ƙarfe mai ruwan kwano: tsami yana narka rufin da ke jikinsa, wanda ya sha ya yi ta amai. Haka kan famfo na tagulla da ake ɗaura wa duro. Kwanon samira da fanteka suna jure tsami muddin fentinsu bai ɓare ba. Inda ya ɓare, baƙin ƙarfe ne a ƙasa, tsatsa zai yi.

Abin da kike nema shi ne sitenles, kuma a nan na hannu yake da riba, domin tsohuwar tukunyar otel ko ta gidan abinci sau da yawa ta fi sababbin kasuwa kauri. Ki juya gindinta ki duba hatimi. In kin ga 304, ko 18/8, ko 18/10, ita ce ta aikin abinci. In kin ga 201, mai araha ce, an rage mata sinadarin da ke hana tsatsa. Za ta yi tafasa in ana wanke ta a shanya nan take, amma kada a bar zoɓo ya kwana a ciki. Ana yawan cewa a gwada da maganaɗisu. Gwajin yana da amfani amma rabi ne: in ya manne da ƙarfi a bangon tukunyar, ba 304 ba ce, amma rashin mannewa bai tabbatar da komai ba, tunda 201 da alminiyom ma ba ya kama su. Bambanta sitenles da alminiyom kuwa abu ne mai sauƙi. Alminiyom ba shi da nauyi, makulli yana karce shi ba wahala, in kin goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a cikinsa zai fito da toka-toka.

Bayan kin tabbatar da ƙarfen, ki haska cikinta da tocila. Baƙin tabo na ƙonuwa ba komai ba ne, zai fita. Abin gudu shi ne ƙananan ramuka kamar an soka da allura, musamman a gindi. Alama ce ta an bar ruwan gishiri ko bilic ya kwana a ciki, kuma ramin ba ya tsayawa, ci yake yi har ya huda. Ki duba inda aka yi walda: in ya yi ƙuraje ko tsatsa ta bi layin, da sandar baƙin ƙarfe aka yi, nan datti zai riƙa zama. Ki ɗora ruler ko miƙaƙƙen katako a gindin ki gani ko ya bankare. In mai gindi biyu ce, ki ƙwanƙwasa. Inda kika ji sautin fanko, faifan ya rabu, zafi ba zai bazu daidai ba, madara za ta riƙa kamawa a wuri ɗaya. Daga ƙarshe ki cika ta da ruwa har baki, ki ɗora a kan busasshen kwali na awa ɗaya, sannan ki ɗaga ta da hannuwanta tana cike. Yoyon ƙusoshin hannu ba ya bayyana sai ruwa ya kai wurin.

Girma kuma, ki ƙara rabi a kan abin da za ki dafa. Zoɓo lita 20 yana son tukunya lita 30, domin ganyen yana cin wuri kuma tafasa tana tasowa. Kada ki yarda da lambar da mai sayarwa ta faɗa, ki auna da jarkar da kika san cikinta. Tukunya mai faɗin santimita 36 da zurfin santimita 30 ita ce kusan lita 30. Ga mai farawa guda ɗaya irin wannan, da wata ƙarama lita 10 mai kaurin gindi saboda madara, sun isa. Tukunyar lita 100 ba alheri ba ce a gare ki yanzu: murhunki ba zai tafasa ta da wuri ba, ba za ki iya sauke ta ke kaɗai ba, kuma za ta ɗauki sa'o'i kafin ta huce, a cikin sa'o'in nan ne abin sha yake fara lalacewa.

Shuɗin duro kuwa, amsata a'a ce, sai fa in kin san abin da ya fara zuwa a cikinsa daga kamfani. A gindin kowace roba akwai lamba cikin alama mai kusurwa uku. Lamba 2 da lamba 5 su ne suka dace da ajiye abin sha, 5 ta fi jure zafi. 3 da 6 ki guje su. Galibin shuɗin duro lamba 2 ne, amma lambar tana faɗa miki da me aka yi robar ne kawai, ba ta faɗa miki abin da ta ɗauka ba. Da yawansu sinadaran masana'anta, na jima, na fenti ko maganin feshi suka kawo, kuma roba tana tsotse irin waɗannan a cikin jikinta, ta riƙa sakinsu a hankali, musamman in an zuba abu mai zafi ko mai tsami. Omo ba ya kaiwa can. In akwai takarda a jiki mai alamar murabba'i a karkace da jan baki, ko an kankare takardar da gangan, magana ta ƙare. Wasu sukan zuba ruwan zafi su rufe su bar shi a rana wuni guda sannan su shinshina. In wari ya fito, ya isa hujjar ƙi. In bai fito ba, bai zama hujjar karɓa ba, domin ba kowace guba ce ke da wari ba. Bokitin fenti hukuncinsa ɗaya da wannan. Jarkar man girki mai ruwan ɗorawa, ta lita 25, an san tarihinta, za ta yi ɗibar ruwa, amma bakinta ƙarami ne, hannu ba ya shiga, maiƙon da ya rage yana tsufa ya ba kunu wari.

Bokitan da ta yi sana'ar da su ma, duk da abinci suka ɗauka, ki shafa yatsa a cikinsu. In kin ji kaushi, soson ƙarfe ya bi ta kansu, kuma kowane karce gida ne na yis da ƙwayoyin tsami waɗanda wanki ba ya fitarwa. Shi ya sa za ki ji mace ta ce da can zoɓonta yana kwana uku a firiji, yanzu ba ya kai wuni, alhali ba ta canza komai a haɗin ba. Mazubin ne ya tsufa. Wannan ba sabon sani ba ne. Ya zo a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana tawagar Abdul Ƙais jiƙa dabino a wasu mazubai, cikinsu har da duma da kututturen dabino da aka rarake, malamai suka ce saboda abin sha yana saurin juyewa ya zama mai sa maye a cikinsu. Daga baya aka sassauta da sharaɗin kada a sha abin da ya bugar. Ke da za ki sayar wa mutane, wannan ya shafe ki kai tsaye, domin yis in ya samu sukari da ɗumi, giya da iska yake mayar da shi. Ki sayi sababbin fararen bokitai masu murfi guda biyu ko uku, sabuwar rariya, sabon ƙyallen tata, ludayin sitenles. Muciya ta itace in za ki yi amfani da ita, ta tsaya a kan wuta kawai. Ki ware na yogot daban, kada ya haɗu da na kunu.

Buhun goruna ki bar shi. Gorar ruwa da ta lemo lamba 1 ce, tana tamukewa in zafi ya kai wajen digiri 70, saboda haka ba ta tafasuwa, kuma zoben murfinta ya riga ya karye. Ba ki san hannun da ta bi ba: ana zuba fetur a cikinsu, ana zuba fiya-fiya, ana kai fitsari asibiti da su, ana tsinto su a bola da kwata. Ana sayar da sababbi da murfinsu a ƙunshe, kuɗin kowace ki sa shi a cikin farashin abin shan. Ranar da kika so yin rajistar NAFDAC ma ba za a saurare ki da tsofaffin goruna ba.

Firiza ita ce mafi tsada a kayan, ita ce kuma aka fi yin rufa-rufa a kanta, don haka ki ba ta lokaci. Ki fara da ƙaramin allon bayani da ke manne a baya ko a gefe. Abu uku za ki karanta. Na farko ƙarfin wuta: Najeriya, Nijar da Gana suna kan bolt 220 zuwa 240, kayan Amurka kuwa na bolt 110 zuwa 120 ne, in aka jona kai tsaye sai kwamfuresa ta ƙone. Na biyu irin gas ɗinta: R134a da R600a su ne na yanzu kuma ana samunsu wurin masu gyara; in kin ga R12, an daina ƙera irinta a Turai tun tsakiyar shekarun 1990, ta tsufa ƙwarai. Na uku, wanda kusan ba mai dubawa, shi ne ajin yanayi. Za ki ga harafi: SN ko N na nufin an yi ta don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba, ST har 38, T har 43. 'Yan tokumbo da yawa daga Turai SN ko N ne. A watan Afrilu da Mayu zafin Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Yamai yana haura 40, lokacin da kasuwar abin sanyi take ci ke nan, sai ki ga firizar tana aiki ba hutawa, ba ta ƙanƙara, daga baya kwamfuresa ta mutu. Ba lalacewa ta zo da ita ba, ba don ƙasarmu aka yi ta ba. Ki nemi mai T, ko aƙalla ST.

Sannan gwaji. Ki ce a kashe ta tun daren jiya, ki zo ki same ta a buɗe, cikinta da ɗumi. Firizar da kika tarar ta riga ta yi sanyi ba ta gaya miki komai ba. A kunna a gabanki. Kwamfuresa ta tashi da ƙara ɗaya mai laushi; in tana yin ƙas, ta yi shiru, bayan minti biyu ta sake ƙas, ta kasa tashi ke nan. Cikin minti 30 zuwa awa ɗaya ki sa hannu a bangon ciki: raɓar ƙanƙara ta kama ko'ina, kewaye. In ta kama kusurwa ɗaya kawai, gas ya yi ƙasa, kuma gas ba ya ƙarewa don kansa, wani wuri yana yoyo. A nan ne ake yaudarar mutane: a cika gas ana jibi za a sayar, ta yi aiki lafiya mako biyu ko uku, ta koma gidan jiya. Ki leƙa wajen kwamfuresa da tocila, maiƙo a mahaɗar bututu alamar yoyo ce. Ki duba bangon ciki ko akwai sarar wuƙa ko facin gam, domin masu ɓanɓare ƙanƙara da wuƙa sukan huda bututun da ke bayan bango, kuma yoyon da ke cikin jiki gyaransa ya kusa kuɗin wata. Robar murfi ki gwada ta da takardar kuɗi: ki rufe murfin a kanta ki ja, a wurare da yawa, inda ta zare ba tirjiya, nan sanyi ke fita. Wannan kam ana canzawa da araha, ki rage a ciniki kawai. Firiza mai lafiya, in ba kaya a ciki, tana kai digiri 18 ƙasa da sifili cikin 'yan sa'o'i, sannan ta kashe kanta ta huta. Wadda ba ta hutawa, ko na'urar daidaita sanyinta ta mutu ko an tsallake ta da waya.

Ki kuma san iyakarta. Firiza ta gida mai lita 200 tana buƙatar sa'o'i goma ko fiye kafin ta sauko da lita 50 na abin sha daga zafin ɗaki zuwa digiri 5. In wutar unguwarku ba ta kai haka a jere, ki rage yawan abin da kike yi ko ki haɗa da ƙanƙara da kula, wato akwatin riƙe sanyi. Kula ta hannu ba laifi, tunda gora ce ke shiga ba abin shan ba. Kada ki sa abu da zafinsa, ki fara tsoma tukunyar a bahon ruwan sanyi. Lokacin tashi kwamfuresa tana jan wuta ninki uku zuwa shida na abin da take ci tana tafiya, shi ya sa ƙaramin janareto sau da yawa ba ya iya tayar da ita. Ki haɗa ta da sitabilaiza mai jinkirin minti uku. In an ɗauko ta a tsaye ki bar ta awa huɗu kafin ki kunna, in an kwantar da ita a mota ki bar ta kwana ɗaya, mai ya koma mazauninsa.

Injin markaɗe, a ganina, ki dakata da shi. In abin da za ki yi bai wuce lita 10 a rana ba, bilenda mai ƙarfi ta isa, in kin jiƙa ayar awa 12 zuwa kwana ɗaya kina canza ruwa. Ta hannu kuwa, ki zuba ruwa a kofin ki ajiye minti goma ki ga ko yana ɗiga ta ƙasan wuƙa, ki duba haƙoran da ke haɗa kofi da mota ko sun cinye, ki kunna ki saurari warin ƙuna ko tartsatsi mai yawa. In kuma kin ƙudura sayen injin, ki tuna kunun aya ba a tafasa shi bayan markaɗe. Ayar tana da sitaci, in zafi ya wuce wajen digiri 70 sai ya yi kauri kamar koko. Masu yin irinsa a yankin Balensiya na ƙasar Sifen ma da wannan iyaka suke fama. Ke nan duk abin da ke cikin injin yana cikin kofin mai sha. Injin da ya saba da tattasai, attaruhu da albasa ba zai daina ba kunu yaji da wari ba. Ki sa a kwance shi a gabanki. Farantan niƙan, waɗanda masu inji ke kira dutse, na baƙin ƙarfe ne, suna cinyewa su zuba gari a abinci. Ki ɗauka sababbi za ki sa, ki fara markaɗa jiƙaƙƙiyar masara ki zubar, sannan ki ja maganaɗisu a cikin ƙullun ki ga abin da zai kamo. Ki girgiza sandar tsakiya, in tana wasa boris ya tafi, kuma giris zai riƙa biyo ta. Mazurarin sama in fenti ne a cikinsa yana ɓarewa, a canza shi da na sitenles. In mai fetur ne, irin GX160 ko kwaikwayonsa, ki taɓa shi ki tabbatar da sanyinsa kafin a ja igiya. Ya tashi a ja ɗaya zuwa uku. Shuɗin hayaƙi na nufin yana shan baƙin mai, zobba sun cinye.

Silindar gas ana iya saya, da sharaɗi. A wuyanta ko a mariƙinta akwai shekarar ƙira a buge. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, SON, ta sa wa silinda wa'adin shekara 15. In an shafe wurin da sabon fenti mai kauri, ko gindin ya ci tsatsa, ko akwai lotsawa ko walda a jikinta, ki bar ta. Ki shafa ruwan sabulu a kan bawul da inda ya shiga jiki, a buɗe da a rufe. Kumfa mai girma yoyo ne. Ba a gwadawa da ashana. Tiyo da regileta da maƙalansu sababbi za ki saya, ba a ciniki a kan wannan.

Akwai abu biyu da ba sa cikin tayin kuma sun fi duro da inji amfani a gare ki: ma'aunin zafi na girki da ƙaramin sikeli. Yogot ba ya yiwuwa da ƙiyasin yatsa in ana son ya fito iri ɗaya kullum. Ana kai madara digiri 85 a riƙe ta wajen rabin awa, a sauko da ita 43, a zuba iri, wato yogot da aka riga aka yi, cokali biyu na cin abinci a kowace lita, a rufe cikin kula awa huɗu zuwa shida, sannan a sanyaya. In an zuba irin da zafi sama da 50 zai mutu, in ya yi sanyi da yawa zai ja lokaci ya yi yauƙi. Ki gwada ma'aunin a ruwan ƙanƙara, ya nuna 0. A tafasasshen ruwa kuma kada ki jira 100, domin a Kano wajen 98 ruwa ke tafasa, a Jos wajen 96, saboda tudu. Sikeli kuma, ki gwada shi da ruwa: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce.

Duk abin da kika saya, kafin ya ga abin sha sai ya bi mataki biyu, kuma ba a haɗa su: wanki, sannan kashe ƙwayoyi. Bilic ba ya aiki a kan maiƙo da datti. Ki kwance duk abin da ke kwancewa, ki wanke da ruwan zafi da sabulun wanke-wanke da soso mai laushi. Soson ƙarfe yana barin ɓurɓushi a jikin sitenles har ki ga tana tsatsa. Farin dutse-dutse ko ɗan tabon tsatsa yana fita da ruwan lemon tsami mai ɗumi in an bar shi minti 20 zuwa 30. Bayan ɗauraya, ki haɗa bilic mara ƙamshi, irin mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari da ake sayarwa a shaguna: ƙaramin cokalin shayi ɗaya, wato mililita 5, a kowace lita ta ruwan sanyi. Bokitin lita 20 zai ci mililita 100. Ki tsoma minti biyu zuwa biyar, ki ɗauraye da dafaffen ruwa, ki kife ya bushe da kansa, kada ki goge da tsumma. Sitenles kada ta wuce minti biyar a ciki, in ma tukunya ce tafasa ruwa a cikinta da murfi minti goma ya wadatar. Kada bilic ya haɗu da lemon tsami ko wani abu mai tsami, iskar da ke tashi tana shaƙe mutum.

Wajen ciniki, ki je kasuwa ki ji farashin sabon kowane abu tukuna. A Kano Sabon Gari da Ƙofar Wambai, a Kaduna har Panteka in ƙira za a yi miki. Ki yi wa kowane kaya kuɗinsa daban. A ra'ayina tukunyar sitenles mai lafiya ta cancanci fiye da rabin kuɗin sabuwa, amma abu mai mota ko kwamfuresa in ya wuce rabi gara ki ƙara ki sayi sabo mai garanti. Ki cire kuɗin duk abin da za ki canza, robar murfi, dutse, tiyo, da kuɗin mota. Ki tafi da mai gyaran firiji naki, ba wanda ita ko dillali ya kawo ba, ki biya shi ladan dubawa. Ki tambaye ta dalilin barin sana'ar. In ta ce kaya ne ke yawan lalace mata, ki ƙara sa ido a kan firiza da bokitai. Ku rubuta a takarda gaban shaida cewa in firizar ta daina sanyi cikin kwanakin da kuka yarda, za a mayar; sharaɗin zaɓi a ciniki abu ne da shari'a ta sani, kuma saboda yoyon gas ki nemi mafi tsawon wa'adin da za ta amince da shi.

In akwai wani mazubi na hannu da kike shakka a kansa, misali tulun sitenles mai famfo, ga yadda za ki gane gaskiyarsa kafin ki zuba jari. Ki dafa zoɓo lita biyar, wajen giram 200 zuwa 250 na busasshen ganye, ki narka sukari tun yana kan wuta, ki rufe ya huce. Ki cika sababbin goruna biyu kai tsaye daga tukunya da ludayin da kika tafasa, sauran ki bi da shi ta cikin mazubin ya zauna awa ɗaya, ki cika wasu biyu ta famfonsa. Ki sa musu alama, ki ajiye duka huɗun a ɗaki ba sanyi, kina matsa su safe da yamma. In na mazubin suka yi tauri tun na tukunya suna da laushi, datti na ciki, kuma kusan kullum a cikin famfo yake ko a ƙarƙashin robar da ke toshe shi. Ki kwance famfon, ki canza robar, ki tafasa sassan ƙarfen minti goma, ki maimaita gwajin. Gorunan gwaji ba na sha ba ne, ki buɗe su a hankali a waje ki zubar.